Tabarau a Kan Tebur

Mutanena, ku matso kusa, yau da labarin Gwani mai aski na zo muku.

Inji na hannun Gwani, amma idonsa na tsallaken titi, kan sabon shagon askin da aka buɗe. Mutum uku ke nan yau da suka wuce ƙofarsa suka shige can, har da direban da ya shekara goma yana yi wa aski.

"Ka gani ko, Malam? Zuga su ake yi. Akwai mai ɓata min suna."

Malam, tsohon malamin makaranta, shi kaɗai ya rage masa. Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur kamar kullum, ya lumshe ido.

"Yau kuma wa ake zargi? Rannan mai gyaran inji ne."

"Shi ma ban wanke shi ba! Tun da ya taɓa injin nan yake cin gefe. Madubi ya dushe. Ƙwan fitila sau biyu ina canzawa, duk jabu suke sayar min."

"Asibitin idon da matarka ta ce fa?"

"Ita ma ƙanenta abokin mai shagon can ne. Ni da nake hango lambar mota daga nan?"

Gyangyaɗi ya kwashe Malam. Gwani ya gama, ya kakkaɓe gashi. Ya dubi tabarau, ya dubi ƙofa. Ba kowa. Don dai ya ƙaryata su, ya ɗauka ya maƙala.

Madubi tas! Fitila har tana kashe ido. Ƙeyar Malam kuwa, wayyo, kamar ɓera ya gwagwiye ta: nan tudu, nan rami, layi ya karkace ya nufi kunne. Wata nawa bawan Allahn nan yake yawo da wannan kan, bai ce uffan ba?

Gwani ya bi ya gyara da sauri, ya cire tabarau ya mayar daidai inda ya ɗauka.

Malam ya farka, ya sa abinsa, ya shafa ƙeya. "A'a! Yau inji ya warke?"

"Mai na ɗiga masa." Gwani ya yi gyaran murya. "Malam, irin wannan gilashin, ina ake yi? Ba ni ba fa, wani abokina ne."

Malam ya dafe tabarau da ke zamo masa a hanci.

"Gobe zan raka shi. Amma ka gaya wa abokin naka, kansa ya fi nawa girma. Dubi yadda ya buɗa min shi."

To, da ku ne Gwani, me za ku ce?