Jikar Nas Tema

Tun da Temalesi ta ajiye aiki ta koma ƙauyen mijinta da ke wani tsibiri, ba wanda ya daina ce mata Nas Tema. Fasto haka yake kiranta, mai gari ma haka. Rabin mutanen tsibirin a hannunta suka faɗo duniya, sauran kuwa ko ta ɗinke musu sara, ko ta zare musu ƙugiyar kifi daga yatsa, ko ta zauna a kan iyayensu har suka cika. Abin da ba ta son tunawa shi ne 'ya'yan cikinta ma da sunan nan suke kiranta. Su biyu ne: Waisale yana aiki a mahauta can Ostareliya, sai Unaisi, malamar makaranta a Suva, babban birnin ƙasar.

Labarin cikin Unaisi a bakin maƙwabciya ta ji shi. Matar ta dawo daga Suva sayar da busasshiyar kwakwa, ta leƙo ta taga tana washe baki.

"Nas Tema, ashe ɓoye mana kike yi! Na ga 'yarki a kasuwa, ciki har ya sauko, da ƙyar take ɗaga ƙafa."

Temalesi ta yi murmushi kamar ta sani. Da matar ta wuce, ta hau tudun bayan coci, inda waya ke kamawa, ta kira.

"Da saura, Nas," in ji Unaisi. "Kada ki wahalar da kanki. Nan akwai asibiti."

Asibiti! Ita ake gaya wa asibiti? Ta sauko ba ta ce wa kowa komai ba. Ta yanko ganyen saƙa, ta dafa, ta shanya, ta zauna saƙar tabarmin jarirai masu laushi har yatsunta suka kumbura. Ta kankare kwakwa ta soya mai, ta jiƙa furanni a ciki, irin wanda ake shafa wa jariri bayan wanka. Ranar da jirgin ruwa ya zo, ta ɗaure kayanta ta shiga.

Tafiyar doguwa ce, ba abin yi sai kallon ruwa. Duk tsibirin da suka wuce ta san shi. Wancan ta yi shekaru a cikinsa, ɗakin shan magani ɗaya, ita kaɗai, ba likita. Na gaba da shi a can guguwa ta yaye rufin tana tsakiyar karɓar tagwaye. Inda aka tura ta nan take tafiya, ba ta taɓa cewa a'a ba. Wuraren kuwa wasu ko makarantar kirki babu, shi ya sa da yaran suka isa karatu aka bar su a ƙauye wurin ubansu Kitione da yayarsa Venina, wadda Allah bai ba ta haihuwa ba. Ita sai ta zo hutu, da alawa da sababbin takalma, sau da yawa takalman sun yi musu kaɗan.

Sa'ad da Kitione ya kwanta ciwon ajali tana gida. Sai ga kwale-kwale daga tsibirin da ke tsallake, wata yarinya naƙuda ta tsaya mata, jini yana zuba. Kitione da kansa ya ce ta je. Ta je, uwa ta rayu, ɗa ya rayu. Amma teku ta haukace, ba halin dawowa. Ko da ta sauka a bakin gaɓa an riga an rufe shi. Unaisi, lokacin tana budurwa, ta kalle ta daga ƙofar ɗaki ta juya ciki.

Ranar da ta yi ritaya an yi mata biki. An gasa alade a rami, an rataya mata furanni har wuya ya yi nauyi, wani babba daga ofis ya kira ta uwar tsibirai, ya miƙa mata agogon bango. Waisale ya turo gaisuwa. Unaisi ta ce jarrabawar yara ta hana ta zuwa.

Da rana tsaka jirgi ya shiga Suva. Ta ɗauki tasi zuwa unguwar su Unaisi, ta sauka da ƙunshin tabarmi a ka. Tun daga bakin hanya ta ga takalma jibge a ƙofa, ta ji mata suna waƙa suna tafi. 

Surukinta Peniasi ne ya fara ganinta. Ya tashi daga wurin mazan da ke shan kava, jiƙon saiwa na gargajiya, a ƙarƙashin rumfa, ya karɓi kayan yana sunkuyar da kai.

"Inna, sannu da hanya. Ai mun so mu kira... abin ne ya zo da sauri."

"Ta sauka?"

"Ta sauka lafiya. Mace. Tun makon jiya."

Ta cire takalmi ta shiga. Falon cike da dangin Kitione da na mijin. Wata tsohuwa mai wasa da ita ta ɗaga murya: "Jama'a ku buɗe hanya, ga ungozoma ta iso bayan an share ɗaki!" Aka kwashe da dariya. Temalesi ma ta buɗe haƙora.

A tsakiyar ɗakin, kan tabarmi da aka jera, Venina ce zaune, ta tsufa ta kankance, jaririya a cinyarta. Ashe tun watan da ya wuce aka aika mata kuɗin jirgi, aka ce wa mutanen ƙauye maganin ido za ta je. Temalesi da kanta ta raka ta bakin ruwa, har tana gaya mata yadda ake ɗiga maganin.

"Tema, zo ki ga jikarki," in ji Venina.

Ta durƙusa ta karɓa. Ta buɗe zanen ta dubi fuskar. Goshin Kitione ne sak, har da ɗan lotsawar haɓa.

"Wane suna aka sa mata?"

 Tsohuwar nan mai wasa ce ta amsa, muryarta ta sauka: "Takwarar wadda ke kusa da ke ce."

"Madalla," in ji Temalesi. "Allah ya raya Venina." Ta mayar da jaririyar cinyar da ta ɗauko ta.

Sai da baƙi suka ragu ta sami Unaisi a bayan gida, zaune kan benci kusa da igiyar shanya, tana shan romon kifi da madarar kwakwa.

"Me ya sa ba ki kira ni ba?"

"Na ce miki akwai asibiti."

"Ba asibiti nake tambaya ba. Venina asibiti ce?"

Unaisi ta ajiye kwanon. "Nas, don Allah, jikina bai yi ƙwari ba."

"Matan da ban san sunan iyayensu ba na riƙe musu hannu. 'Yata guda ɗaya kuma sai in ji a bakin mai sayar da kwakwa?"

"To ai shi ne." Unaisi ba ta ɗaga murya ba. "Da naƙuda ta kama ni, na rufe ido ina neman wanda zan kira, wallahi fuskar Gwaggo ce ta zo mini. Ba da gangan ba ne. Ranar da na fara al'ada ita ta wanke mini zane. Da na yi ƙyanda ita ta kwana a kaina, ke kina can kina yi wa 'ya'yan wasu allura. Baba yana kiran sunanki har muryarsa ta ɗauke, ni da Gwaggo muka rufe masa ido."

"Shi ya ce in tafi."

"Na sani. Kullum shi ke cewa ki tafi. Ke kuma ba ki taɓa cewa a'a ba."

"Da ban je ba, da yarinyar nan mai naƙuda ta mutu."

"Na sani, Nas. Ɗanta ma a ajina ya yi karatu, yaro mai ƙoƙari. Ban ce kin yi laifi ba. Kowa a tsibiran nan ya samu rabonsa a jikinki. Mu ne dai muka zo a ƙarshen layi, kafin a zo kanmu an rufe taga."

 Temalesi tana da abin faɗa: da wane albashi aka yi karatun, wa ya sayi kwanon rufin gidan, wa ya biya jirgin Waisale. Ta ga duk wannan ba amsar maganar ba ce.

Da yamma Venina ta same ta tana kwance ƙunshin tabarminta, alhali ɗakin jaririyar ya riga ya cika da na wasu.

"Kina fushi da ni."

"Maganin ido, Venina? Ni za ki yi wa maganin ido?"

"Unaisi ce ta roƙe ni. Na ce mata bai dace ba, sunan ma na ce ba na so." Ta zauna da ƙyar tana dafa gwiwa. "Amma kada ki ce na ƙwace miki su, Tema. Ke kika kawo su kika ajiye a hannuna, kika hau kwale-kwale. Ni kuma ba ni da kowa. Da me kike so in riƙe su, da bayan hannu?"

Temalesi ta zauna a gidan har jirgi na gaba. Ba wanda ya yi mata rashin kunya. Ita ake fara zuba wa shayi, ita aka ba gado, Peniasi yana kawo mata gwaza da kifi mafi kyau. In ta tashi za ta wanke kayan jaririya sai a ce, "Haba, huta, ke baƙuwa ce." Wanka Venina ke yi, da man da Venina ta soya. Sau ɗaya Unaisi ta kira ta da kanta, da sassafe, ta ce, "Nas, zo ki duba mini cibiyar nan." Temalesi ta wanke hannu, ta duba, ta danna gefen a hankali. Lafiya lau take, ta bushe. Unaisi ta ce ta gode, ta naɗe 'yarta.

Ranar tafiya Peniasi ne ya kai ta tashar jirgi. Unaisi ta tsaya a ƙofa da jaririya a kafaɗa, ta ce a gaida mutanen gida.

Da ta sauka a ƙauye, ko kayanta ba ta gama shigarwa ba mata suka cika ƙofar.

"Nas Tema, mace ko namiji?"

"Mace."

"Wa ta ɗauko?"

"Kitione."

Suka yi guɗa. Maƙwabciyar nan ta matso. "To sai mu ce mun samu ƙaramar Temalesi?"

"Venina sunanta."

Guɗar ta mutu. Suka kalli juna. Wata ta yi ƙarfin hali ta ce ai ba komai, ta biyu tata ce in Allah ya kawo.

"Ku ba ni hanya," in ji Temalesi. "Ciyawa ta cinye mini rogo."

Ta ɗauki adda a bayan ƙyaure, ta ratsa ta tsakaninsu da kayan tafiyar a jikinta, ta nufi gona. Ba wadda ta bi ta.