Sunan Sambo a Bangon Matsirga United

Duk shekara goma sai a shafe bangon filin Matsirga United da farin fenti, a sake rubuta tarihin kulob ɗin tun daga sama. Haka aka saba a Kafanchan tun zamanin ma'aikatan jirgin ƙasa da malaman firamare da suka kafa shi a 1984, a wani fako bayan layin dogo. Da hannu ake rubutun, kuma hannun Azariya ne, tsohon mai zanen jikin manyan motoci, wanda makullan filin ke hannunsa.

Ran Asabar za a yi bikin cika shekara arba'in. Ran Laraba da hantsi Azariya yana kan tsani da gwangwanin jan fenti. Ya rubuta shekarar kafuwa. Ya rubuta 1989, da kulob ya haye gasar ƙwararru. Ya rubuta 1991, da aka buga wasa goma sha tara a gida ba wanda ya ci su. Da ya iso 1994 sai hannunsa ya tsaya.

A shekarar ne suka ci Kofin Yanki, kofi ɗaya tak da suka taɓa ɗagawa, ci ɗaya da nema a wasan ƙarshe a Kaduna. Sau uku Azariya ya rubuta a wannan layi cewa Gershon ne ya ci ƙwallon, kuma sau ukun ya san ƙarya yake rubutawa.

Abin da ya faru shi ne, an kawo wani dogon ɗan wasa daga Kasuwan Magani mai suna Sambo. Sakataren kulob na lokacin, Silvanus, ya sa takardun rajistarsa a aljihun kwat ɗin da yake zuwa sujada da ita, ya manta har wa'adi ya wuce. Ana saura kwana biyu wasan ƙarshe, Gershon mai lamba tara ya karye a atisaye. Hoton da ke katin Gershon ƙarami ne, ruwa ma ya taɓa shi, ga su duka dogaye. Sai aka kai Gershon gidan gwaggonsa a Kagoro aka ɓoye shi, aka ba Sambo rigarsa da katinsa. Saura minti biyu a tashi Sambo ya sa kai ya ci. Rediyo ya ce Gershon. Mutum ashirin da suka je Kaduna a motar kulob suka yi alkawarin rufe baki, daga baya aka ce a wasan ne Gershon ya karye.

Sambo ya riƙe alkawarin shekara goma sha wani abu. Da girma ya fara kama shi sai ya soma faɗa a teburin mai shayi, mutane suna dariya. Har suna suka sa masa, Sambo mai ƙwallon mafarki. Da daminar bana ya rasu. Bayan sadakar bakwai 'yarsa Zamzam ta sami Azariya a bakin ƙofar fili.

"Baba, kai ka je Kaduna ran nan," ta ce. "Ni dai ina so in sani. Babana maƙaryaci ne?"

Ya ce mata zai duba. Duba me? Tun ranar yake juya maganar. Alkawari ya yi, kuma shi mai tsoron Ubangiji ne. Amma alkawarin don a tsare kofi aka yi shi, ba wanda ya ce ya haɗa da barin mutum ya shiga kabari ana masa dariya. Ko kuwa ya haɗa, su ne ba su lura ba? Ya dai san hannunsa ba zai rubuta ƙaryar karo na huɗu ba.

Ya tsoma buroshi ya rubuta SAMBO, manyan baƙaƙe.

Fentin bai bushe ba motar Silvanus ta shigo. Yanzu shi ne ciyaman, ya yi tumbi, ya yi furfura. Ya fito yana waya, ya ɗaga kai, sai ya kashe wayar.

"Baba Azariya, tsufa ne ko tabarau ka manta a gida?"

"Idona ƙalau, Ciyaman."

"Sauko mu yi magana."

"Ina jin ka daga nan."

Silvanus ya matso gindin tsanin ya rage murya. "Ka san jami'an hukumar gasa suna zuwa ran Asabar. A rekod nasu babu wani Sambo a 1994. Mutum ɗaya ya tambaya, shi ke nan, su buɗe fayil, su karɓe kofi. Kofi ɗaya muke da shi, Baba. Ɗaya! Ka tuna da muka faɗo a 2003, shekara takwas muna buga ƙaramar gasa, ana mana ihu a kowane gari? Me ya riƙe mutane? Ba wannan kofi ba?"

"Na tuna. Ni nake share filin lokacin da ba mai zuwa kallo sai awaki."

"To, don Allah, share wannan ma."

"Ba na sharewa."

"Mun yi alkawari a cikin mota, kai ma ka ɗaga hannu."

"Na ɗaga. Shekara talatin kuma na riƙe maka asirin kwat ɗinka. Sambo ya ci mana kofi, muka bar shi yana rantsuwa gaban mai shayi, ni ina wucewa ina jin dariyar, ban tsaya ba. Wannan laifi nawa ne, ba naka ba. Yau na gaji da shi."

Silvanus ya ciro waya ya kira Gershon, wanda yanzu dattijon ikilisiya ne, gidansa kuma ba nisa. Ba a jima ba ya iso a bayan babur, yana ɗingishi kamar kullum. Yara a hanya har yau suna kiransa Baba Kofi.

"Dattijo, dubi abin da mutumin nan ya yi maka," in ji Silvanus. "Ya cire sunanka. Yi masa magana, ni na kasa."

Gershon ya daɗe yana kallon bangon. Azariya ya riƙe tsanin da kyau. Ya san abin da yake ƙwacewa daga hannun wannan mutum: a kan sunan nan Gershon ya sami aiki a ƙaramar hukuma, jikokinsa kuma da labarin suka tashi.

"Azariya, ka kyauta ke nan?" Gershon ya ce. "Ko sallama ba ka yi mini ba."

"Ban kyauta ba. Na ji tsoron in na zo za ka roƙe ni, ni kuma in ji kunyarka."

"Da na roƙe ka kuwa." Ya sake duban bangon. "Ran nan ina kwance a Kagoro, ƙafa a ɗaure, na ji rediyo yana ihu da sunana. Gwaggona ta dube ni, ta dubi rediyon, ta fita. Har ta mutu ba ta ƙara ce mini in yi addu'a kan abinci ba."

"Dattijo, ba tarihin gwaggo muke ba," in ji Silvanus. "A goge ko kar a goge?"

"Ni ba zan hau tsani in goge ba. Kai in kana iyawa, hau." Ya juya wajen mai babur. "Mai da ni gida. Ina da magana da matata Miriyam kafin ta ji a kasuwa."

Silvanus ya bi babur ɗin da kallo har ya fita ƙofa. Sannan ya miƙa hannu sama.

"Ba ni makullan fili."

Azariya ya ciro su daga aljihu ya sake su, suka faɗi a ƙasa.

"Gobe zan kawo wani mai fenti daga Jos," in ji Silvanus yana tsintar su.

"Kawo. Bangon nan yana da baya, Ciyaman, kuma bayansa titi yake kallo. Ba na bukatar makulli in rubuta a can. Ka shafe da safe, in rubuta da rana."

"In suka karɓe kofin, kai za ka tsaya gaban mutanen garin nan ka yi bayani."

"Zan tsaya. Ka ba ni lasifika ran Asabar ka gani."

Silvanus ya buɗe ƙofar mota, ya tsaya riƙe da ita, bai shiga ba. Azariya ya sauko, ya matsar da tsanin taku biyu, ya sake hawa. Akwai sauran shekara talatin da bai rubuta ba, ga rana tana yin sama. Ya goge bakin buroshi a gefen gwangwani ya fara 1995.