Ƙasar da Kowa Jikinsa da Sauƙi

Jiya na yi wani mafarki, ba ma da dare ba, da rana tsaka, a kan bencin asibiti.

Ni tela ne, sunana Tanimu, shekara shida ke nan ina fama da hawan jini. Wata uku da suka wuce masu bincike suka zo unguwarmu neman waɗanda za a gwada sabon magani a jikinsu. Suka karanta mana takarda da Hausa, suka ce duk wanda ya ji wani abu ya faɗa, na dangwala yatsa. Maiɗakina Delu, wadda ita ma ciwon ke damunta, ta ce in fara, in ya karɓe ni za ta bi sahu. Tun sati na biyu jiri ya fara ɗibata, ƙafafuna suka kumbura. To amma mutanen da suka tarbe ka da fara'a, suka ba ka kujera, su ce maka ya jiki, ka dubi tsabar idonsu ka ce ya ƙi? Ba haka aka rene ni ba. Kullum in ce da sauƙi, su rubuta. Delu ma haka nake ce mata.

Ina zaune ina jira sai bencin ya miƙe ya kama hanya da ni, domin a ƙasar da na faɗa cikin mafarkin benci ne ke bin layi, mutum hutawa yake. Ya sauke ni a gaban wani bunsuru mai farar riga da tabarau, yana tauna fayil a natse.

"Kai ne lamba arba'in da bakwai?" in ji shi.

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Wata takarda ta taso daga tebur, ta tsoma gefenta a tawada, ta dangwale ni a goshi.

"Ta amince da kai," in ji bunsurun. Ya tura mini kwalabe biyu. "Ɗaya magani ne, ɗaya garin rogo. Ba ka san wanne ne ba, mu ma ba mu sani ba, su kwalaben ma ba a gaya musu ba."

"To wa ya sani, likita?"

"Jikinka. Shi ya sa muke tambayarsa."

Sai ga mu a ɗakin majinyata, inda gadaje ke kwance a kan mutane. Wata zabuwa ce nas, tana zagayawa da littafi, ni ina biye da ita. Mutumin farko ya riƙo kansa a faifai, yana yi masa fifita.

"Malam, ya jiki?" in ji zabuwa.

"Da sauƙi," in ji kan.

Ta rubuta. Na gaba da shi wata tsohuwa ce da ta ƙanƙance har ta koma cikin kofin shayi. Daga can ƙasa ta ce jiki ya yi kyau sosai, Allah ya saka da alheri. Muna fita muka ci karo da mutum huɗu ɗauke da makara. Na cikin ya ɗago, ya ce Alhamdulillahi da sauƙi, a yi haƙuri da ɗawainiya, ya koma ya kwanta.

"Shekara ɗari tara muna bincike a ƙasar nan," in ji zabuwa tana ƙafafa, "ba mu taɓa gwada abin da bai yi aiki ba. Mun gwada toka, mun gwada ƙusa, bara tsohuwar taya muka gwada."

"Mutanen garin fa?"

"Suna ta raguwa. Amma babu wanda ya taɓa kawo ƙorafi, mutane ne masu tarbiyya."

Na so in yi dariya, sai na tuna ni ma mai tarbiyyar ne.

Ban ankara ba sai na gan ni a tsakiyar fili, kalangu na tashi, wani kwaɗo yana yi mini kirari. Bunsuru ya hau turmi ya yi shela cewa Malam Tanimu tela ya ce da sauƙi sau goma sha biyu cur, saboda haka magani ya ci jarrabawa, za a raba wa duniya, kuma da iyalinsa za a fara.

Rijiyoyin ƙasar a tsaye suke, sun fi rimi tsawo. Na ɗaga kai, sai ga Delu can a bakin ɗaya, guga a hannun hagu, ƙwayar magani a dama. Mace a irin wannan wuri, ko jiri kaɗan ya ishe ta.

"Malam!" ta ƙwalo mini kira. "Da gaske ya karɓe ka? In sha?"

Na buɗe baki in ce kada ki sha, abin da ya fito shi ne, "Da sauƙi." Na sake yunƙurawa, bakina ya ce, "Sai godiya." Na kama harshena da hannu biyu, ya zame ya tambaye ni ya gida ya iyali. Jama'a suka ɗauki tafi. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, shekara talatin da ɗaya muna tare, ga shi ladabina zai jefo ta ƙasa. Delu ta yi bisimilla, ta kai hannu baki.

Ƙarar faɗuwar murfin kwano ce ta tashe ni, wata mai jinya ce ta yar da shi a baranda. Na jiƙe sharkaf da gumi. Sista Rakiya, nas ɗin masu binciken, tana tsaye a kaina da fayil.

"Baba Tanimu, har an yi barci? Ya jikin?"

"Da sauƙi," bakina ya riga ni.

Ta ɗora biro za ta rubuta. Na shimfiɗa tafina a kan takardar.

"Dakata, 'yata, kada ki rubuta wannan, gaisuwa ce. Jawo kujera in ba ki amsa."