Mai Kuka a Bakin Ƙofar Coci

Laifin Tela ɗaya ne: turare ya ƙona. Lokacin da likitoci suka sallami 'yarsa Auta, suka ce a kai ta gida a yi ta addu'a, wata maƙwabciya ta nuna masa gidan wani mai magani a bayan tasha. Mutumin ya ba shi ƙullin turare, ya ce a ƙona a ƙarƙashin gadonta, a kira wani suna. Wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Tela ya ƙona, ya kira. Auta ta ce, "Baba, hayaƙi," ta juya fuskarta bango, kafin mako ya zagayo ta rasu. Maƙwabciyar da ta nuna masa hanya ita ce kuma ta kai labarin gaban dattawan ikilisiya, har da hawayenta.

Ranar jana'iza Pasto ya faɗi wata magana da ta zauna wa Tela a ƙirji. Ya ce teburin Ubangiji ɗaya ne, rabinsa a nan, rabinsa a can, kuma Auta ta koma ɗaya ɓangaren ne kawai. Tela mutumin awo ne, yadda aka faɗa haka yake ɗauka. In dai teburin ɗaya ne, wanda aka tasa daga wannan gefe ba shi da kujera a wancan. Shi ya sa da dattawan suka hana shi Jibin Ubangiji, wato gurasa da ƙoƙon da ake rabawa a teburin, ba kunyar mutane ce ta hana shi sukuni ba. Gani yake an sake raba shi da yarinyar.

Paston nan sabon zuwa ne daga makarantar tauhidi, kuma ba ya wa'azi ya sauka bai ambaci majalisar da bishop-bishop suka yi a birnin Nikiya tun zamanin dā ba, sai ka ce kakansa ne ya shimfiɗa musu tabarma. A bayan idonsa ma Nikiya ake kiransa. Dab da fara azumin Ista ya kira Tela ofis. Dattijo, shugaban dattawa, mai kantin fenti, yana gefe yana fifita da littafin waƙa.

"Ɗan'uwa, zauna," in ji Pasto, fuskarsa fal murna. "Ka san abin da ka yi ba sabon abu ba ne? A zamanin tsanani, sarkin Roma ya ce kowa ya ƙona wa gunki turare. Wasu masu bi suka ƙona don tsoro. Irin naka sak!"

"To me aka yi musu, Pasto?"

"An karɓe su, amma da tsari. Sukan tsaya a waje, a bakin ƙofa, suna roƙon masu shiga su yi musu addu'a. Masu kuka ake ce musu. Kuma ranar Alhamis Mai Tsarki, ta kafin Ista, ita ce ranar karɓar masu tuba."

A duk maganar Tela bai ji komai ba sai kalmar Alhamis ɗin. Ya durƙusa ya yi godiya. Dattijo ya ce wannan tsari ya yi, ai da ma horon zamanin nan ya yi sanyi da yawa.

Haka Tela ya fara tsayuwa. Da hannunsa ya ɗinka rigar buhu, don Pasto ya nuna masa hotonta a littafi, kuma ɗinkin ya yi kyau, don bai iya mummunan aiki ba. Duk ranar da ake sujada a coci yana nan a ƙasan matakala, inda rumfar ba ta kai ba. "Ɗan'uwa, yi mini addu'a. Mama, yi mini addu'a." Mawaƙa su wuce shi cikin rigunan da shi ya yanka ya ɗinka, su kau da kai. Wasu su ce, "Ubangiji ya ji ƙanka," da murya mai ƙarfi don na baya su ji. Maƙwabciyar nan kuwa sai ta tsaya ta dafa kansa, ta yi doguwar addu'a tana lissafa laifinsa dalla-dalla, kamar Allah ne bai sami labari ba.

Labari ya bazu. Mutanen da rabonsu da coci tun Kirsimeti suka dawo, har daga wasu ikilisiyoyi ake zuwa kallo. Iyaye mata su nuna shi da baki su ce wa 'ya'yansu, "Kun ga ƙarshen mai bin masu magani." Benci ya cika har aka ari kujerun makaranta. Pasto ya fara darasin tarihin ikilisiya ta farko, kuma duk inda bayani ya yi wuya sai ya nuna ƙofa.

Rana da ƙura sun dake shi sau da yawa a wurin. Tari ya kama shi, ya ƙi sauka. Matarsa ta ce, "Baban Auta, ka je asibiti. Wannan tarin ba na mura ba ne."

"Bayan Alhamis."

"Su da suke ciki duk tsarkaka ne? Shi Dattijon ba ruwa yake ƙara wa fenti ba?"

"Ke dai bari. Saura kaɗan in zauna da 'yata."

Ta ci gaba da sa maɓalli a rigar wani, tana share ido da bayan hannu.

Ranar Alhamis da yamma ya yi aski, ya sa farar riga a ƙarƙashin ta buhun. Daga inda yake tsaye yana hango teburin, an rufe gurasa da ƙoƙo da farin ƙyalle. Pasto ya ɗaura tawul ya wanke ƙafafun dattawa, waɗanda kowannensu ya riga ya goge tasa da sabulu tun daga gida. Sannan ya ɗaga murya: "A shigo da ɗan'uwanmu."

Tela ya haura matakala. Ya tsallake dokin ƙofa, ya nufi gaba. Dattijo ya tare shi da hannu, ya nuna masa wani layi na farin fenti da aka ja a ƙasa, taku kaɗan daga ƙofar. Fentin ko bushewa bai gama yi ba.

"Jama'ar Allah," in ji Pasto, "yau ɗan'uwanmu ya gama mataki na farko. Iyayenmu na dā matakai huɗu suke da su. Daga masu kuka, sai masu sauraro, waɗanda ke jin wa'azi daga baya su fita kafin Jibi. Sai masu durƙuso. Sai masu tsayawa tare da jama'a ba tare da sun ci ba. Kowane mataki da shekarunsa. Mu dai mun sassauta, shekara ɗaɗɗaya za mu yi."

Aka ce amin, har da tafi. Ashe tsugune ba ta ƙare ba. Tela ya tsaya a bayan layin, bakinsa a buɗe. Da aka zo buɗe ƙyallen, Dattijo ya taɓa kafaɗarsa ya ce masu sauraro su fita. Shi kaɗai ne mai sauraron. Aka tura ƙofa a bayansa.

Bayan an tashi ya tare Pasto a gefen mota. "Pasto, ka ce Alhamis."

"Na ce Alhamis, ban ce wacce ba, ɗan'uwa." Pasto ya dafa shi, da gaske tausayi yake ji, abin da ya fi ciwo ke nan. "Kada ka karaya. Ikilisiya uwa ce. Ko a Nikiya an yanke cewa wanda yake bakin mutuwa ba a hana shi Jibi, ko a wane mataki yake."

"Ko a wane mataki?"

"Ko a bakin ƙofa."

A hanyar gida tarin ya turnuƙe shi, har ya dafa bangon wani shago. Matarsa ta riƙe shi. Da ya ɗauke hankici daga bakinsa, sai ga jini, ja wur, ya fi na jiya yawa. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Wayyo ni! Gobe da sassafe sai asibiti, ko ka so ko ka ƙi."

Tela bai ji ta ba. Kallon hankicin yake yi, fuskarsa ta washe, irin washewar da rabonta da gani tun Auta tana da rai. Ya ninke shi a hankali, gefe ya haɗu da gefe, ya sa a aljihun farar rigar.

"Ba asibiti za mu ba," ya ce. "Pasto zan kai wa ya gani, ko wannan ya isa."