Rigar da Kaka Ta Ɗinka wa Sola

Ku yi mini afuwa tun kafin in fara. Ban taɓa rubuta labari ba, karantawa kawai na iya, kuma ko a aji in malami ya ce in miƙe in yi magana, muryata maƙalewa take yi a wuya. Sau uku ina yage shafin farkon nan. In kun ga na yi tuntuɓe ku ɗauke kai.

Kakata, wadda ta haifi Babana, tana da hali guda da kowa ya sani a gidanmu: duk abin da take ganin darajarsa sai ta ɗinka masa riga. Rediyo yana da riga, fanka tana da riga, keken ɗinkin da take ɗinka rigunan shi ma yana da tasa. Har agogon bango ta yi wa, sai ka ɗaga labulensa kafin ka ga ƙarfe nawa. Baba yakan ce da an bar ta ranar da ta haife shi, da har yau ba wanda ya san kamanninsa.

Abu na biyu da aka san ta da shi ruwan zafi ne. Girki Umma ke yi a kan gas, amma babbar baƙar tukunyar wanka ta Kaka ce. Kowace safiya tana bayan ɗaki a tsugune gaban murhu, tana hura icce, hayaƙi na shiga mata ido da hanci, har sai kowa ya samu na wankansa. Baba ya wuce injin niƙa inda yake aiki, Umma ta tafi makarantar da take koyarwa, ni ma in ɗauki jakata. Sai a bar Kaka ita kaɗai da gida.

Ɗakinmu ɗaya da ita, don haka ni na fara jin tarin. Da ya ƙi tafiya aka kai ta asibiti. Malamar asibitin ba ta ɓoye komai ba.

"Iya, ko dai ki rabu da hayaƙi, ko ƙirjinki ya rabu da ke."

"'Yar nan, ina hura wuta tun ba a yi auren uwarki ba," in ji Kaka.

"Hayaƙin ne ai nake gani a hoton ƙirjin nan naki."

An hana ta, ba ta hanu ba. Muddin akwai mai wanka da ruwan sanyi a gidan, Kaka sai ta hura wuta. Sai Baba ya yanke shawara: za a gwada sola mai ɗumama ruwa da zafin rana. In ta yi, shi ke nan. In ba ta yi ba, Kaka za ta koma wurin Gwaggo a birni, hawa na uku, inda babu murhu babu icce, kuma babu ni. Kaka ta ce gara a ɗaure ta a gindin bishiya. Ni kuwa ranar na karanta shafi ɗaya sau biyar ban san me ke cikinsa ba.

Mai haɗa famfon garinmu ne ya kawo ta. Kowa Injiniya yake ce masa, shi kuma bai taɓa musantawa ba. Ya duba kwanon rufinmu ya ce ya tsufa, ba zai ɗauki nauyi ba, sai ya kafa ta a kan ƙafafun ƙarfe a bayan banɗaki, tsayinta bai wuce ƙirjin mutum ba. Farin tanki ne a kwance daga sama, da dogayen bututun gilashi baƙaƙe jere a ƙarƙashinsa, sai wani bututu da ya ratsa bango ya shiga banɗaki.

"Ku gwada ta kwana bakwai," ya ce. "In ba ta yi muku ba in kwance, akwai gidaje uku da ke jira. Amma a kula da ita, Iya. Gilashi ne, ba ta son wasa."

Kaka ta gyaɗa kai a hankali. Da na lura da yadda ta gyaɗa kan nan, da labarin bai kai haka ba. Hankalina yana kan ɗan littafin bayanin da ya faɗo daga kwali, wanda ba wanda ya kula da shi. Na ɗauke shi. Ni ko takardar magani na gani sai na karanta, shi ya sa a gida ake kirana Malama.

Kwana ɗaya, ruwa ba zafi. Kwana biyu haka. A na uku Baba ya tara hannu a famfo ya daɗe, sannan ya ce, "Wannan ruwan ko jariri ba zai tsorata ba." Umma ta ce a yi haƙuri, wataƙila sabunta ce. A na huɗu na farka na ji ƙaurin hayaƙi, Kaka ta koma murhu, tana tari tana cewa ai ba za ta bar ɗanta ya fita da ruwan sanyi a jiki ba. Baba ya daina zolaya. Na ji shi yana waya da Gwaggo, yana tambayar ko ɗakin nan na kusa da matakala yana nan.

Ranar ta bakwai malamanmu suka shiga taro, aka sallame mu kafin rana ta take. Na shigo gida ba wanda ya ji ni, dama ba a cika jin shigowata ba. Na zagaya bayan banɗaki inda nake ɓuya in yi karatu, sai na tsaya cak.

Sola tana sanye da riga.

Tsohon bargo ne aka yi wa shafi da ragowar yadi, an bi bakinsa da jan zare, har da igiyoyi huɗu na ɗaurewa a ƙafafu. Ya rufe gilashin ruf, ko ɗigon haske ba ya shiga. Gaskiya ɗinkin ya yi kyau.

"Malama, yau an kore ki ne?" Kaka ce a bayana, riƙe da tsintsiya.

"Kaka, wannan fa?"

"Ba ki ji abin da Injiniya ya ce ba? A kula da ita. Ke ba ki san rana ba. Ta koɗe mini zane, ta fasa bokitin roba biyu, balle gilashi. Kuna fita nake sa mata, in rana ta yi sanyi in cire ta sha iska."

"Kullum?"

"Tun ranar farko. A yamma ɗaya na ɗinke ta."

Na matso kusa da ita na ce:

"Kaka, ranar ce abincinta. Kin rufe mata baki ne."

Ta dube ni, ta dubi rigar, ta sake dubana. Sannan ta zauna a kan bulon da nake zama, ta ajiye tsintsiyar a cinya.

"Kada ki faɗa wa ubanki," ta ce daga baya. "Zai yi ta ba da labarin nan har ga jikokinsa." Ta ɗan yi tari. "Ni na ɗauka taimako nake. An ce kada in hura wuta. Yanzu kuma kada in rufe. To me ya rage mini a gidan nan, zaman kallon bango?"

Ban iya lallashi ba, abin da na iya shi na yi. Na zaro ɗan littafin daga jakata na buɗe shafi na tara, inda aka zana hoto. An ce a naɗe bututun da ke kai ruwa ɗaki da abu mai kauri don kada zafi ya tsere a hanya, Injiniya kuwa tsirara ya bar shi. An kuma ce a riƙa goge gilashin kowace safiya da tsumma mai laushi.

"Ashe tana son riga," na ce. "Wurin sawa ne aka kuskure."

Kaka ta kawo littafin kusa da hancinta ta ƙura wa hoton ido. "Wannan naɗin nasu ba shi da kyau," ta ce. "Ɗauko mini almakashi."

Muka yanka bargon dogo-dogo. Ni ina riƙewa, ita tana naɗewa tana ɗinkewa da babbar allura. Amma kafin mu gama hadari ya taso ya rufe rana, da yamma kuwa ruwan ɗumi-ɗumi kawai ya yi.

Muna cin abinci Baba ya ce gobe da safe zai kira Injiniya ya kwance kayansa, Gwaggo kuma za ta turo mota ƙarshen mako. Kaka ta sunkuyar da kai. Sai na ajiye cokali na ce:

"Baba, a ƙara kwana ɗaya."

Duk suka juyo. Ina jin su ma sun manta yadda muryata take.

"Saboda me?"

"Littafin ya ce sai an naɗe bututu. Yau muka naɗe." Ban yi ƙarya ba, ban dai faɗi duka ba.

"Naɗin bututu ne zai dafa ruwa?"

"Kwana ɗaya kawai, Baba."

Umma ta taɓa shi da gwiwar hannu. "Yarinyar nan ba ta taɓa roƙonka komai ba sai kuɗin littafi."

Baba ya yi dariya. "To, Malama ta yi magana, a rubuta ranar. Zan ce masa ya zo gobe da yamma."

Washegari ban san abin da aka koyar ba. Ta taga nake leƙen sama, duk ɗan gajimaren da ya gitta sai gabana ya faɗi. Da na dawo na tarar da Kaka zaune kusa da sola, gilashin yana ƙyalli, ta kori kaji, har reshen da ke yi mata inuwa ta sa maƙwabcinmu ya sare.

Injiniya ya iso da yamma da jakar kayan aikinsa, matan maƙwabta biyu suka biyo shi don su ga yadda za a kwance. Baba ya shiga banɗaki yana naɗe hannun riga.

"Zo ka taɓa da kanka, kada ka ce ƙage na yi maka."

Ya murɗa famfo ya tara hannu gaba gaɗi, irin na mutumin da ya san abin da zai ji. Bai kai ƙiftawar ido uku ba ya fizge hannun, ya yi baya har ya take ƙafar Injiniya. Tururi ya biyo shi waje.

"Sannu, jariri," in ji Umma.

Matan suka fashe da dariya. Kaka ba ta yi dariya ba, ta dai miƙa masa bokitin ruwan sanyi ta ce ya surka, kamar yadda take ce masa tun yana yaro.

Injiniya ya zagaya baya yana ɗingishi, muka bi shi. Ya shafa naɗin bututun, ya duba ɗinkin.

"Wa ya yi wannan?"

"Ni," in ji Kaka.

"Iya, akwai gidaje uku da zan kafa wa. Za ki yi musu irinsa?"

"In sun kawo bargo mai kyau. Kuma ka faɗa musu gilashin nan sai an goge shi kullum, ni ba zan bi gida-gida ba, ina da tawa."

Baba ya dube ta, yana hura yatsunsa. "To in ce wa Gwaggo me?"

"Ka ce ta zo ta yi wanka."

Injiniya dai bai gamsu ba. Ya sosa ƙeya, ya dubi rana, ya dubi tanki. "Amma abin da mamaki. Naɗi kaɗai bai isa ya kawo wannan bambanci ba. Kwana bakwai ba zafi, yau kuma..."

Kaka ta yi tari. Na san tarinta na gaske, wannan ba shi ba ne.

"Kai dai ƙarfe ka sani," ta ce. "Ba ka san zare ba."

"Malama ce ta karanta a littafi," in ji Baba. "Bari ta yi maka bayani."

Yana faɗar haka yana kallon bututun, Injiniya ma haka, matan kuma suna rige-rigen kawo bokitansu. Na tura ɗan guntun jan zaren rigar da ya rage a ƙafar ƙarfe cikin aljihuna, na bi ta jikin bango a hankali, na shige ɗaki kafin wani ya juyo.