Ranar da Masu Shirwa Suka Cire Tambari

Jethro ma'aikaci ne a matatar mai da ke kusa da Rido, amma a kudancin Kaduna da motarsa aka san shi. Ja ce, mai ƙofa biyu, ƙirar kamfanin Belmar da ke haɗa motoci a Kakuri. Turawan kamfanin sun ba ta wani suna mai lambobi da ba wanda ya damu ya riƙe. Mutanen gari suka sa mata Shirwa, saboda yadda take surar hanya ta ɓace.

Masu irin wannan mota ba su da yawa, kuma duk sun san juna. Duk Asabar sukan haɗu a garejin Boniface, wani bakanike ɗan Inugu da ya tsufa a Kakuri, su wuce wani fili bayan Romi su yi tsere a kan jar ƙasa. Da farko su kaɗai ne. Daga baya mutane suka fara zuwa kallo daga Trikania da Sabon Tasha, har masu tsire suka kafa tukuba a gefe. Wanda ya ga Shirwa ta sha kwana tana watsa tsakuwa, ko ba zai iya sayen ta ba, sai ya je ya sayi Belmar mai ƙofa huɗu, ta iyali, don dai tambarinsu ɗaya. Malaman makaranta, 'yan tasi, ma'aikatan masaƙa, kowa kafin ya sayi mota sai ya tambayi ɗan ƙungiyar Shirwa.

Kamfanin ya san da haka. A shekarar 1984 manajan talla, Mista Albert, ya zo filin da mai ɗaukar hoto, ya rungume Jethro, ya ce su 'yan gida ne. Ba a jima ba hoton Jethro da jar motarsa ya hau ƙaton allon talla a bakin hanyar Kachia. Jethro bai nemi komai ba. Daɗi kawai ya ji.

Bayan shekara biyu naira ta faɗi, kayan gyaran Shirwa suka ɓace daga kantin kamfani. Motoci suka fara kwanciya a garejin Boniface, wannan ba kabureta, waccan giyarta ta tafi. Jethro ya yi ta zarya ofishin Mista Albert, kullum sakatariya ta ce yana mitin. Ana cikin haka sai ga gayyata: kamfani zai ƙaddamar da Sabuwar Shirwa, ana son 'yan ƙungiya su zo da motocinsu.

Sun wanke motoci, sun goge, waɗanda suka mutu ma aka janyo su da igiya. Da suka isa, masu gadi suka jera motocin a bakin ƙofa kamar kayan ado, su kuma aka nuna musu benci a rana. Manyan baƙi na cikin rumfa suna shan lemo mai sanyi. Da aka yaye ƙyallen da ya rufe sabuwar motar, Jethro ya gane ta nan take. Belmar ta iyali ce, wadda kowa ya sani, an ja mata jan layi a gefe an manna mata sunan Shirwa da manyan haruffa.

Mista Albert ya aiko a kira shi. A bayan rumfa ya miƙa masa makulli, ya ce ya zagaya da ita sau ɗaya a gaban jama'a, sannan ya karɓi makirufo ya ce wannan ƙanwar motarsa ce.

"Ina kayan gyaranmu?" in ji Jethro.

Mista Albert ya ce an daina shigo da su gaba ɗaya, tsohuwar Shirwa ta gama zamaninta, wanda ke son kamfani da gaske sai ya sayi sabuwa.

Jethro ya karɓi makullin. Ya zagaya filin, ya taka totur har ƙasa, motar tana nishi kamar tsohuwar jaka ɗauke da mangala. Ya tsaya gaban rumfa, ya fito, aka miƙo masa makirufo.

"Kun san ni, ga hotona can a bakin titi," ya ce. "Wannan ba Shirwa ba ce. Fenti ne. Masu Shirwa na gaske ga su can a rana, an hana su ko noti ɗaya na gyara."

Wani ya zare wayar lasifika. Masu gadi suka riƙe shi ta kafaɗa suka fitar da shi, rigarsa ta yage a hammata, Mista Albert na bayansa yana cewa shi ɗan iska ne marar godiya.

A garejin Boniface ranar ba wanda ya zauna. Wasu suka ce a je a ƙona allon tallan. Irene, ma'aikaciyar jinya kuma mace tilo a ƙungiyar, ta ce in suka ƙona allo kamfani zai kira 'yan sanda ya zama shi aka zalunta. Ta ɗauki sukundireba daga teburin Boniface, ta fita ta ɓamɓare tambarin Belmar daga hancin motarta, ta jefa a bokitin baƙin mai. Jethro ya bi. Da haushi ya ɓamɓare nasa har ya karce fenti. Kafin yamma bokitin ya kai rabi. Washegari suka yi jerin gwano daga Trikania zuwa Kakuri, a hankali, fitilu a kunne, suka dire bokitin a ƙofar kamfani suka juya.

Daga nan sai suka yi abin da ya fi ciwo. Duk wanda ya zo neman shawarar mota, su ba shi labarin benci da rana, su ce kamfanin da ya yi wa masoyansa haka me zai yi wa baƙo. Tseren Romi ya ci gaba, amma da motoci masu rami a hanci, kowa ya tambaya a gaya masa dalili. 'Yan tasi suka koma wani kamfani. Sabuwar Shirwa ta yi ta shan ruwan damina a filin dillalai, yara na kiranta Kaza. Har ta iyalin ma, wadda ba ta yi laifin komai ba, cinikinta ya karye.

Kafin Kirsimeti aka sauke allon, aka mayar da Mista Albert Legas. Sabon manaja, wani mai sanyin magana da ake kira Malam Yakubu, ya zo garejin da ƙafarsa. Ya ce za a cire sunan Shirwa daga sabuwar motar, za a dawo da kayan gyara, kuma Boniface ne zai zama wakilin sayar da su. Jethro ya tambaye shi ko kamfani zai fito a rediyo ya ba su haƙuri. Malam Yakubu ya ce wannan ya fi ƙarfinsa.

Boniface ya karɓa. Yawancin 'yan ƙungiya ma suka karɓa, don motocinsu sun daɗe a kan duwatsu. Bayan manajan ya tafi, Jethro ya tsaya a tsakiyar gareji yana huci.

"Oga Boni, da kabureta suka saye ka?"

"Ina da mata da yara, Jethro," in ji Boniface. "Fushi ba ya tayar da inji."

Jethro ya juya masa baya. Motarsa tana can ƙarshen gareji, giyarta a kwance, kuma ya san nan da 'yan makonni kayan za su iso. Duk da haka ya fita titi ya tsayar da wata a-kori-kura, ya ɗaura igiya da kansa, ya shiga ya riƙe sitiyari aka ja shi zuwa gida. Irene ta bi shi da kira, bai waiwayo ba. Wata da watanni ya yi yana hawa bas ɗin ma'aikata zuwa matatar mai, har ya samo wani maƙeri a Panteka da ya yarda zai ƙera masa haƙoran giyar da hannu.