Ranar da Na Ja Wilfred

"Ɗaure igiyar nan da kyau, Barry. Wancan karon sai da ka kai gada kafin ka lura ka baro ni."

"Ba mantuwa na yi ba, hutu na ba ka."

"Hutun ƙaniyarka."

Wilfred na zaune a bayan jirgin ruwansa, ya ƙudundune cikin bargo, fuskarsa ta yi fari fat. Ya haura saba'in. Maƙwabcina ne, in dai ana kiran wanda kuke ƙaura tare maƙwabci. Mu da muke kwana a jirgi ba mu da matsaya ta dindindin, doka ta ce kada mu wuce sati biyu a wuri ɗaya. Ka wuce haka, a karɓe lasisinka, a ɗauke jirgin daga ruwa, kai kuma ka nemi inda za ka kwana. Bara da aka sake ƙara kuɗin lasisi, Wilfred ya sayar da injinsa ya biya. Ya samu izinin yawo, ya rasa abin yawon. Tun daga nan nake jansa, ni da matata ta tafi ta bar ni don a cewarta ko tukunyar fure ba zan iya riƙewa ba.

Noreen, mai sayar mana da gawayi daga jirginta, ta tsaya a bakin ruwa ta riƙe ƙugu.

"Tsohon nan asibiti ya kamata a kai shi. Ku ji numfashinsa fa."

"Ma'aikacin hukumar ruwa ya zo jiya a keke ya ɗauki lambar jirgina," in ji Wilfred. "A fara matsar da ni. In likita na so, ya biyo ni."

"Barry, kai ba ka da baki ne?" in ji Noreen.

Ina da shi. Sai dai na duba Noreen na ga ta yi gaskiya, na duba Wilfred na ga shi ma ya yi. Na tada inji.

Injina ƙara ya fi yi a kan tafiya, dole sai da ihu ake hira. Na riƙa juyawa ina kwarara masa zance: tsadar gawayi, masu jiragen haya da ba su iya tuƙi ba, da ra'ayina cewa hukumar nan so take ta kore mu ta bar ruwan ga masu kuɗi da agwagi. Kullum a nan Wilfred yake ce min shashasha. Ranar bai ce komai ba. Har na ji daɗi, na ce yau dai na ka da shi.

Wata mata mai yawo da kare ta ɗaga masa hannu. Mun shiga ƙarƙashin matsattsiyar gadar nan da ko ni sai na goga jirgi, nasa ya bi ta tsakiya sumul. Na waiga. Yana nan zaune, hannunsa a kan sandar tuƙi, hularsa ta sauko kan ido.

"Ka ga gwani!" na yi masa ihu.

Da muka iso bayan tsohuwar masaƙa na rage gudu. Jirginsa bai kauce ba, ya zo ya daki nawa. Wilfred bai taɓa dukan jirgin kowa ba.

"Adireshinku fa?" in ji matar da ta ɗauki waya da na kira motar asibiti.

"Ba mu da shi."

"To ina kuke zaune?"

"Yanzu muka iso."

Da ƙyar suka same mu. Wani matashin ma'aikacin asibiti mai koren kaya ya taɓa wuyan Wilfred, ya ɗago.

"Yaushe ya daina magana, malam?"

"Ban sani ba. Ni nake ta maganar."

"Ya ɗan jima da cikawa fa."

"Ba zai yiwu ba. Shi ya tuƙa ta ƙarƙashin gada."

Ya dube ni irin kallon da ake yi wa wanda ya kamata a ba kujera. Har yau ban san ko Wilfred ne ya wuce gadar ba ko jirgin ne ya san hanyarsa.

Sun tafi da shi kafin Noreen ta iso a keke tana haki. Na tsaya ina jiran ta wanke ni tas. Ta dubi jirgin, ta dubi hanyar da muka biyo.

"Nisan da hukuma ke so ya isa?"

"Ya isa. Har ya yi yawa."

"To. Hukuma dai ba ta ɗauke jirgin yana ciki ba." Ta share hanci da bayan hannu. "Sakarkaru, ku duka biyun."

Da yamma na lura hayaƙi na fita siriri daga bututun jirginsa. Wutar da ya hura da safe ce ba ta mutu ba. Na shiga, na sunkuya gaban murhun, na ƙara mata gawayi biyu.